Mai ido biyu ko teleskof: wanne za ka fara saya in kallon sama ya shiga ranka?

A jikin kwalin teleskof ɗin an rubuta 525x da jan fenti, wai yana kusanto da abu ninki 525, ga hoton duniyar Zuhal, wato Saturn, da zobensa ɓaro-ɓaro kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ban yi wata-wata ba na zaro kuɗi na biya. Yau shekara huɗu ke nan, teleskof ɗin yana can saman sif, ƙura ta naɗa masa rawani. Shi ya sa da ƙanena ya bugo mini waya makon jiya yana cewa, "Yaya, yaran nan sun hana ni sakat, wai sai sun ga wata kusa da kusa. Teleskof zan saya musu, ko irin mai ido biyun nan na sojoji?", sai na ce masa ya nemi wuri ya zauna, maganar ba ta tsaye ba ce.

Mu fara da wancan 525 ɗin, don shi ne tarkon da ya fi cin mutane. Kowane teleskof yana da tsawon da haske ke tafiya a cikinsa kafin ya taru wuri guda; nawa milimita 700 ne. Sai ɗan gilashin da ake ɗora ido a kai, mu ce masa maleƙi, wanda ake zarewa a sauya wani. Ninkin kusantowa ba wani tsafi ba ne, raba 700 za ka yi da lambar da ke jikin maleƙin. Mai lamba 25 ya ba ka ninki 28, mai lamba 4 ya ba ka 175. Su kuma masu kwalin sai suka cusa wani ɗan bututun roba mai ninka komai sau uku, 175 sau uku ya tashi 525. Lissafi dai bai yi ƙarya ba. Abin da suka ɓoye a ƙananan haruffa shi ne faɗin gilashin gaba milimita 60 ne kacal, kuma masu wannan harka sun daɗe da sanin cewa ninkin da zai yi amfani ba ya wuce faɗin baki sau biyu. Iyakar nawa 120 ke nan, shi ma sai daren da iska ta kwanta. Duk abin da ya haura nan, tamkar ka kai hoton fasfo ne ka ce a buga maka shi girman ƙofar gareji. Zai girma, amma ko mai hoton ba zai gane kansa ba.

Lambar da ta kamata ka nema ita ce faɗin baki. Hasken taurari kamar yayyafi yake, na'urar hangen nesa kuma mazubi ce da ka kafa a tsakar gida. Ƙwayar idon matashi in ta buɗe iyakar buɗewa a cikin duhu ba ta wuce milimita 7, ludayi ke nan. Gilashin mai ido biyu mai faɗin 50 yana tara haske kusan sau 50 fiye da haka, ya zama bokiti. Teleskof mai madubi faɗin 130 kuwa yana tara kusan sau 7 na abin da shi bokitin ke tarawa, wannan baho ne. Ninki ba ya ƙara ko ɗigo ɗaya a kan abin da bakin ya tara, shimfiɗa shi kawai yake yi, shi ya sa in ninki ya yi yawa hoton sai ya dushe.

A jikin mai ido biyu, wanda 'yan kasuwa ke kira bainakula, za ka ga lamba biyu, kamar 7x50 ko 10x50. Ta farko ninki, ta biyu faɗin baki. In ka raba ta biyu da ta farko za ka san kaurin hasken da ke fitowa ya shiga idonka: milimita 7 a 7x50, milimita 5 a 10x50. Wannan yana da amfani ga irinmu da furfura ta fara leƙowa, domin ƙwayar ido tana rage buɗewa da shekaru, kuma hasken da ya fi ƙarfin ƙofar ido a banza yake zubewa. Yaro mai ƙaramin hannu 7x50 ya fi masa, don ba ya nuna rawar hannu sosai. Babba kuwa 10x50. Ka wuce 12 a hannu, taurari za su riƙa yi maka rawar kalangu.

To me kowanne zai nuna maka? A nan ne zaɓin yake, ba a jikin kwali ba.

Wata dai kowa ya same shi. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne jiran daren sha huɗu, alhali a daren rana tana dukan fuskarsa kai tsaye, babu inuwa, sai fari fat mai kashe ido. Daren bakwai ko takwas ga wata shi ne daren kallo. A kan layin da ya raba haske da duhu, inuwar duwatsu tana miƙewa, ramuka su fito kamar an sassaƙa su. Da 10x50 ɗin da na saya daga baya, bayan na sha wuya, na taɓa zaunar da Innarmu a kan kujera 'yar tsugunne, na ɗora mata shi a kan katangar baranda don kada hannunta ya yi rawa. Ta daɗe shiru, ni har na zaci ba ta same shi ba. Can sai ta ɗago ta ce, "Ikon Allah! Ashe shi ma ya yi zanzana." Shekara saba'in tana ganin wata sumul. Teleskof mai kyau zai kai ka fiye da nan nesa ba kusa ba: ramin da ake kira Kofanikus, mai faɗin kilomita 93, za ka ga matakalar bangonsa da tsaunukan da ke tsakiyarsa. Amma kada yara su sa ka alkawarin tutar da Amurkawa suka kafa a 1969. Daga nisan kilomita 384,000 babu teleskof a doron ƙasa da zai nuna ta.

Mushtari, wato Jufita, shi ne abin mamakin mai ido biyu. In ka jingina gwiwar hannu a kan katanga ko rufin mota ka riƙe numfashi, za ka ga ɗigo-ɗigo biyu, uku ko huɗu a jere kusa da shi kamar 'yan rakiya. Watanninsa ne, kuma gobe in ka duba sun sauya wuri, domin na kusa da shi yana gama zagaye cikin ƙasa da kwana biyu, na nesan kuma kusan kwana 17. Su ne masanin taurari Galileo ya gani a Italiya cikin Janairun 1610, da teleskof mai ninki wajen 20 wanda gilashinsa bai kama ƙafar na mai ido biyun zamanin nan ba. Sai dai jikin Mushtari kansa, da ratsin gajimare biyu da suka yi masa ɗamara, wannan sai teleskof, daga ninki 50 zuwa sama. Haka Zara, wadda muke ce wa matar wata, ita ce kuma dai Gamzaki in ta koma fitowa da asuba: teleskof zai nuna maka cewa ita ma tana yin jinjiri tana yin rabi kamar mijin nata.

Zuhal kuwa, a nan mai ido biyu ya sallama. Da ninki 10 ɗigo ne mai ruwan ƙwai, in ka ƙura ido sosai ka ce kamar ya ɗan yi tsawo. Zobe ba ya rabuwa da jiki sai ninki ya kai wajen 30, ba ya ƙayatarwa sai 80 zuwa 100. Na fara ganinsa da kyau ne da teleskof ɗin wani abokina malamin kimiyya, mai madubi faɗin 130, a filin ƙwallon bayan unguwarmu. Muna tsaka da saiti sai ga fitila a fuskarmu, 'yan sintiri uku da gora. Ba laifinsu ba ne, mutum biyu da tsakar dare sun kafa wani abu mai kama da bututun harba roka. Babbansu ya ce, "Malam, mene ne wannan kuka girke?" Abokina ya ce, "Ranka ya daɗe, zo ka sa ido." Ya sunkuya, ya ɗago, ya zagaya ya leƙa bakin bututun, ya dawo ya sake sunkuyawa. "Kai Malam, ka ji tsoron Allah, hoto ka liƙa a ciki!" Sai da ya ga abin yana silalewa gefe da kansa ana sake kamo shi sannan ya yarda. Sun fi awa ɗaya tare da mu. In wannan zoben ne ya hana ka barci, babu mai ido biyun da zai biya maka buƙata. Ka dai sani cewa a watan Maris na 2025 zoben ya juyo mana da kaifinsa har ya kusa ɓacewa, yanzu yake sake buɗewa a hankali, ba zai kai cikar buɗewarsa ba sai wajen 2032.

Amma sama ba duniyoyi ne kaɗai ba, kuma a sauran abubuwan reshe yakan juye da mujiya. Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, tana saman kai da daddare daga Nuwamba zuwa Maris. Ido yana ƙirga 'ya'ya shida ko bakwai. Mai ido biyu yana zubo maka gommai a fili ɗaya, shuɗi-shuɗi kamar an watsa lu'ulu'u a baƙin ƙyalle. Teleskof mai babban ninki 'ya'ya biyu ko uku zai nuna maka, kazar ta ɓace. Dalili shi ne 10x50 yana ɗaukar fili mai faɗin wajen digiri 6, wato wata goma sha biyu a jere, shi kuwa teleskof a ninki 100 da ƙyar wata ɗaya ke shiga. Haka tarin taurarin Andiromeda, wanda masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya siffanta da ɗan ƙaramin gajimare tun a shekarar 964: hasken da ke shiga idonka daga can ya yi shekara miliyan 2 da rabi a hanya, kuma faɗinsa a sama ya fi ƙarfin filin ƙaramin teleskof. Mu da ke tsakanin Zariya da Damagaram muna da wata garaɓasa kuma. Kusancinmu da tsakiyar duniya ya sa muna ganin taurarin kudu da Bature bai taɓa gani daga ƙofar gidansa a Landan ba. A watan Afrilu da Mayu, ka fuskanci kudu bayan isha'i, akwai dunƙulen taurari miliyoyi da ake kira Omega Sentauri, yana fitowa a mai ido biyu kamar curin auduga.

Yanzu ga abin da ya kashe nawa teleskof ɗin, kuma ba gilashi ba ne. Ƙafafu ne. Sama tana juyawa digiri 15 kowace awa, wato cikin minti biyu wata ya matsa da faɗin jikinsa. Ido bai damu ba, mai ido biyu bai damu ba. A ninki 100 kuwa minti ɗaya ya isa abin da ka saita a tsakiya ya kai gefe. A 525 ɗin nan na alfahari ko daƙiƙa 20 ba ya yi. Dole ka riƙa binsa. Su kuma ƙafafun da suka zo a kwalina siraran gwangwani ne, ko numfashi ka yi kusa da su sai hoto ya kama kaɗawa. Ka sassauta noti ka kamo wata, ka ɗaure noti wata ya gudu. Kafin ka ce "zo ki gani" ya fita. Dare uku muka yi a haka, a na huɗu 'yata ta ce, "Baba, bari kawai mu kalle shi da ido."

Maganin wannan ciwo wani Ba'amurke ne ya yaɗa shi, John Dobson, a San Faransisko cikin shekarun 1960. Ya ɗauki irin teleskof mai madubi da Isaac Newton ya ƙera a 1668, ya zaunar da shi a cikin akwatin katako mai juyawa kamar bindigar igwa, babu noti babu ƙafafu, da yatsa kake tura shi kuma inda ka tsayar nan zai tsaya. Kuɗinka kusan duka yana tafiya ne a madubi, ba a ƙarafa ba. In teleskof za ka saya, irin wannan za ka nema, mai faɗin 130 ko 150 wanda ake ɗorawa a kan tebur, irin su Heritage na kamfanin Sky-Watcher. Mai faɗin 200 ya fi, amma tsawonsa ya haura mita ɗaya, nauyinsa ya wuce kilo 20, kuma kafin ya iso Kano ko Maraɗi kuɗin dako da na kwastan sun isa su sa ka sake tunani. Yana da nasa wahalhalun: madubansa biyu suna buƙatar a riƙa daidaita su lokaci-lokaci, bakinsa a buɗe yake ga ƙurar hunturu, kuma komai a kife yake nunawa. A sama wannan ba komai ba ne, tauraro ba shi da kai ko ƙafa. Da rana kuwa ba shi da aikin yi.

Mai ido biyu shi ba ya hutu. Da shi za ka kalli hawan sallah daga nesa, ka bambance tsuntsaye a fadamar Haɗeja da Nguru, ka hango giwaye a Yankari ko raƙuman dawa a Kure ta Nijar. Nauyinsa wajen kilo ɗaya, ka rataya a wuya ka hau babur zuwa ƙauye, inda sama take da duhun gaske. Kuma in an ɗauke wuta a unguwa, wanda ga mai kallon taurari kaɗai alheri ne, cikin minti ɗaya kana waje. Wata 'yar nasiha dai: a kan bene, fuskarka sama. Maƙwabta ba su san kana neman Surayya ba.

Sai maganar jinjirin wata, don na san da yawa abin da ke ransu ke nan. A ranar 29 ga wata abin da ake nema siririn zare ne a cikin jan sararin magariba, wanda zai faɗi cikin ƙasa da awa ɗaya, sau da yawa cikin hazo. Aikin nema ne, kuma nema na mai faɗin fili ne. Da mai ido biyu za ka share yamma a hankali daga inda rana ta faɗi. Da teleskof kuwa in ba ka san ainihin wurin ba, neman allura ne a cikin rairayi. Manhajar Stellarium, wadda ake samu kyauta a waya da kwamfuta, za ta gaya maka tsayinsa da ɓangaren da yake, har ma ta gaya maka ranar da babu abin nema. Masanin taurari na Faransa André Danjon ya nuna tun shekarun 1930 cewa in tazarar wata da rana ba ta kai wajen digiri 7 ba, jinjirin ba ya ganuwa. Ba don tsawo akan ga wata ba, haka ma ba don tsadar na'ura ba. Sanarwar azumi da sallah kuwa tana nan inda take, a Najeriya wurin Mai Alfarma Sarkin Musulmi da kwamitin ganin wata. Naka shi ne ka kai shaida in ka gani.

A nan dole in ɗaga murya. Kada ka fara share yamma sai rana ta nutse gaba ɗaya. Gilashin da ke tara haske sau 50, in ya ci karo da rana, ƙiftawar ido ta isa ya ƙona bayan idon, ƙunar da ba ta warkewa. Baƙin tabarau ba ya karewa, faifan hoton asibiti ba ya karewa. Waɗanda suka ga husufin rana na 29 ga Maris 2006, da ya ratsa Gana da arewacin Najeriya da Nijar, sun san yadda jama'a ke ɗokin ɗaga kai. Wani yana tafe ranar 2 ga Agusta 2027, cikakke a Luksor ta Masar da Jidda da Makka, mu kuma mu sami wani yanki nasa. Ranar, duk wata na'urar hangen nesa da ba ta da matacin rana na musamman a bakinta na gaba, a kulle ta a ɗaka, makullin a aljihun babba.

In ka je saye, ko sabo ko na gwanjo, kada kunya ta hana ka gwadawa. Riƙe shi nesa da fuska ka fuskanci haske: a kowane maleƙi za ka ga ɗan da'irar haske, ya kasance zagayayye sumul, in gefensa ya yi kusurwa-kusurwa gilashin ciki mai araha ne. Sannan ka kalli wayar lantarki ko eriya mai nisa, ka ɗan janye idonka baya. In layin ya rabu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya taɓa faɗuwa, kuma ciwon kai za ka saya. Ka guji masu jan gilashi mai ƙyalli kamar tabarau ɗin 'yan gayu, ka guji masu maɓallin ƙara ninki, ka guji duk wanda aka rubuta wa lambobin hauka irin 60x60 alhali bai fi tafin hannu ba. Mai kafaɗu, wanda bakinsa ya fi maleƙansa tazara, irin ƙirar da ɗan Italiya Ignazio Porro ya fito da ita a 1854, ya fi miƙaƙƙen nan mai kyan gani inganci in kuɗin bai da yawa. Ƙura kuma kada ka goge ta da bakin riga. Ƙurar hunturu yashi ce, hure ta za ka fara yi.

Akwai wani sabon yayi da ke yawo a intanet, teleskof mai kai kansa, irin Seestar S50 da ya fito a 2023 a kan dala 500 ko kusa da haka. Ba shi da maleƙi sam. Ka ajiye shi, ka zaɓi abin da kake so a waya, ya juya ya nemo, ya riƙa ɗaukar hoto yana tarawa har launukan da ido ba ya gani su fito a fuskar wayar. Abin burgewa ne, kuma mai son hoton da zai ɗora a Facebook ba zai yi da-na-sani ba. Sai dai bakinsa 50 ne, Zuhal a cikinsa ɗan mitsitsi ne, yana cin caji, kuma a ƙarshe waya kake kallo. Yaran da nake so in raba da waya na awa ɗaya, ban ga dalilin sake miƙa musu ita ba.

Abin da na gaya wa ƙanena ke nan, har katinsa ya ƙare na kira shi da nawa. Na ce ya sayi 7x50 mai kafaɗu tunda babban ɗansa shekararsa tara, ya saukar da Stellarium, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida daren bakwai ga wata, su kashe fitila su ba ido minti 20 ya saba da duhu. In aka shekara yaran suna nan suna tambayar ina Mushtari ya koma, sai mu haɗa kuɗi ni da shi mu yi odar mai madubi 130 na kan tebur. Ya ce, "To Yaya, wancan naka na saman sif fa? Ba ka ba su aro ba kafin nan?" Na ce ya aiko a ɗauki kwalin, hoton jikinsa yana da kyau.